Abin da Na Rataya a Wuya Zuwa Difa

Tun da na dawo daga Difa ba a bar ni na huta ba. A ƙofar majami'a, a shagona, har a gidan suna, tambaya ɗaya ce: "Marta, yaya can ɗin yake? Da gaske ana jin bindiga?" Na ba da labari har bakina ya gaji, kuma kowa gutsure na ba shi, don abin da ya fi nauyi ba a faɗinsa a tsaye a bakin titi. To ga shi na zauna na rubuta. Wanda zai ce na tona asirin gidanmu ya sani, mai asirin da kansa ya ce in faɗa.

Ni Katolika ce, haifaffiyar Damagaram, ɗinki nake yi. Yayana Ishaku malamin gona ne, Mushe Ishaku ake ce masa, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci. Tun yana saurayi aiki ya kai shi Difa, ya zauna cikin manoman tattasai na bakin kogin Komadugu har Barbarci ya zauna a bakinsa. Wata Laraba matarsa Madalen ta kira ni tana kuka. Ciwon hanta ya ci ƙarfinsa, likita ya ce a mai da shi gida. Ta ƙara mini da abu biyu da ban sani ba: ya ƙi shan maganin rage zafi, kuma shekara huɗu ke nan bai tashi ya karɓi Jikin Almasihu ba, ko da limami ya zo. A bencin baya yake zama, a gama ya fita.

Wannan na biyun ya fi tayar mini da hankali. Mutuwa kowa zai yi, amma yayana ya tafi yana juya wa Ubangiji baya? Na zari mayafi na nufi wurin Mompera, limamin majami'armu.

'Yan'uwanmu na Difa ba su da yawa, ma'aikata ne da 'yan kasuwa daga kudu, ba su da limami zaunanne. Mompera ne ke leƙa su jefi-jefi, kuma a lokacin ba zai samu tafiya ba sai bayan mako uku. Yaya kuwa ba shi da mako uku. Da yake ina cikin waɗanda aka ba izinin kai wa marasa lafiya Jikin Almasihu a unguwanni, sai Mompera ya ce in tafi da shi. Da asubar Juma'a ya miƙo mini ɗan akwatin ƙarfe mai faɗin gwangwanin man shafawa, cikin 'yar jaka mai igiya. A ciki akwai farar gurasa guda ɗaya da aka keɓe a bagade. A wurinmu ta daina zama gurasa, Almasihu ne da kansa.

"Ki rataya a wuya, a ƙarƙashin riga," in ji shi. "Ba a sa shi a jakar kaya, ba a ajiye shi a ƙasa. Kuma mai ɗauke da shi ba ya hira a hanya." Ya dube ni ta saman tabarau. "Na san bakinki, Marta."

Ai kuwa kamar da gayya, a cikin kar, wato babbar motar haya, aka haɗa ni kujera da wata Hajiya Zara, mai safarar tattasai, wadda bakinta ya fi nawa gudu. Kafin mu fita gari ta gaya mini sunan mijinta, ciwon gwiwarta, da halin surukarta. Ni kuwa sai "uhm" da gyaɗa kai. Can ta leƙo fuskata ta ce, "Baiwar Allah, takaba kike?" Na ce a'a, yayana ne ba lafiya. Ta ce Allah ya ba shi sauƙi, ta tura mini dabino a hannu, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

A Gure aka tsaya cin abinci. Nan na gane wata matsala da Mompera bai faɗa mini ba, don shi namiji ne kuma da motarsa yake tafiya: in fitsari ya kama ni, yaya zan yi da abin da ke wuyana? Ba zan shiga makewayin tasha da shi ba, ba zan kuma ba wani ajiya ba. Sai na yanke wa kaina hukunci, ba ruwa ba fura sai Difa. Kafin Maine taya ta fashe, muka yi zaman awa biyu a gindin wata ƙaya, maƙogwarona kamar an zuba toka. Hajiya Zara tana ta miƙo gora tana cewa, "Ke wace irin mace ce, raƙumi?"

A zaman nan ne ta ba ni labarin inda za ni. An hana babur, don a kansa yaran daji ke shigowa. Haka ake kiransu can, ba mai kama sunansu. An hana kamun kifi, an taɓa hana tattasai kansa. "Har taki, 'yar'uwa," in ji ta. "Farin takin nan na zamani. Wai da shi suke haɗa abin fashewa. Akwai lokacin da in aka samu buhu ɗaya a ɗakinka, to ka yi sallama da iyalinka." Na ji maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, ban san tana jirana a gaba ba.

Bayan Maine sai bukkoki suka fara. Zana da leda da tsummoki, dama da hagu, manne da kwalta, tafiya mai nisa ba su ƙare ba. Wasu daga Najeriya suka tsallako, wasu 'yan ƙasa ne da aka tasa daga bakin kogi. Na karya dokar Mompera na tambayi Hajiya me ya sa suke tarewa a bakin titi ga fili can ciki. Ta ce a bakin titi ne soja ke wucewa, a bakin titi ne mai rabon abinci ke ganinka, kuma in an ce gudu ka san inda ka nufa.

Kusa da Cetimari muka iso shingen soja. Kowa ya sauka tun daga nesa, maza gefe, mata gefe, hannu sama. A Damagaram jandarma katinka yake nema. A can jikinka ake nema, musamman mu mata, don an sha ɗaura wa mata abin fashewa a ƙarƙashin mayafi. Wata sojar mace, yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, tana bin mu ɗaya-ɗaya da sandar nan mai kuka in ta ji ƙarfe. Tana kawo ta ƙirjina, sai ƙiiii.

Ta yi tsalle baya. "Kowa ya ja! Ke, durƙusa!"

Matan da ke kusa da ni suka watse, har Hajiya Zara da ciwon gwiwarta. Na ɗaga ido na ga bakin bindiga biyu suna kallona. Ban taɓa sanin ramin bindiga yana da baƙi haka ba.

"Mene ne a ƙirjinki?"

Ga mota cike da mutanen da ban sani ba, ga labaran da muke ji na yadda ake tsince Kirista a hanya. Bakina ya riga ni.

"Magani ne! Maganin yayana ne, ba shi da lafiya!"

Ta sa na ciro da hannu ɗaya, na buɗe daga nesa. Ta matso ta leƙa, ta saki ajiyar zuciya, har da 'yar dariya. "Ƙwaya ɗaya tak, Mama? Tashi. Kin kusa jawo wa kanki." Muka koma mota, Hajiya tana faɗa, wai wa ke rataya magani a wuya kamar laya. Ni kuwa daga nan har Difa ban ƙara buƙatar dokar Mompera ba. Kunya ce ta rufe mini baki. Na ji akwatin nan a ƙirjina ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.

Da la'asar muka shiga gari. Ba kabu-kabu ko ɗaya, sai keke mai ƙafa uku. Madalen ta tare ni ta rame, gidan yana ƙamshin turaren wuta irin na Barebari, don a can mace ko ba ta da abin dafawa sai ta turara ɗakinta. Na shanye moɗa uku tukuna na iya gaisawa. Ta kawo burabusko da miyar kuɓewa, ta ba ni haƙuri wai ba kifi, a garin da a da kifi ake ba baƙo ya tafi da shi gida.

Maƙwabta suka shigo yi mini sannu da zuwa, ana ta "wushe, wushe", gaisuwarsu doguwa, a zaune, da sanyin murya. Ni kuma na ɗauko irin tamu, na dubi wata dattijuwa na ce, "Ina yara? Samarin suna nan lafiya?" Ta sunkuyar da kai, ta ja lafayarta ta fita. Madalen ta ja ni gefe ta ce, "Gwaggon yara, a nan ba a tambayar ina wane. Wani an kashe shi, wani an kama shi, wani ya bi su daji, kuma ba ki san wanne ne nata ba." Tun ranar na koyi gaisuwa ba suna.

Yaya yana kwance a ɗakin ciki. Mutumin da ke ɗaga buhun tattasai shi kaɗai ya koma ƙashi da fata, sai ciki a kumbure, idanu kamar an shafa musu kurkum. Ya ce, "Auta, kin zo?" Na ce na zo, kuma ba ni kaɗai ba. Na taɓa ƙirjina. Ya gane, ya rufe ido.

Da safe na shimfiɗa farin ƙyalle a kan ɗan tebur, na kunna kyandir, na ajiye gicciye, na ɗora akwatin. Na fara addu'a. Yaya ya juya fuskarsa bango.

"Rufe shi, Auta. Mayar wuyanki."

"Haba Yaya! Daga Damagaram fa na ɗauko. Ka san abin da na gani a hanya?"

"Ba zan iya ba. Madalen, ba mu wuri."

Ga abin da ya gaya mini, yana yi yana hutawa. Yana da aboki, Ba Modu, manomin tattasai a wani ƙauye na bakin kogi. Shekara ashirin suna tare, a gidansa yake kwana in ya fita rangadi. Da aka hana taki, gonar Modu ta fara yin rawaya. Yaya yana da ragowar buhu biyu a ma'ajiyar aiki, na kafin doka. Ya ga ba laifi, shi ya san Modu, ya san inda takin zai tafi. Ya ɗauka ya kai masa. Ba a yi sati ba aka zo bincike ƙauyen, aka samu buhunan da tambarin ma'aikata a jikinsu. Aka ɗaure Modu, aka kira Yaya.

"Suka zaunar da ni, suka shigo da shi. Fuskarsa a kumbure. Babbansu ya ce, Mushe Ishaku, ka san wannan? Daga hannunka buhunan nan suka fito?" Yaya ya ja numfashi ya ci gaba. "Na ce na san shi kamar yadda na san kowane manomi. Buhu kuwa ban san yadda aka yi ya same su ba. Modu ya dube ni, Auta. Bai ce komai ba."

An tafi da Modu wani gidan kaso mai nisa. Bayan shekara aka aiko cewa ya mutu, ba gawa, ba kabari. An tashi ƙauyensu, suna cikin bukkokin da na wuce a hanya. Matarsa, Ya Falmata, da 'ya'yanta suna can da sunan gidan mai kai wa yaran daji taki.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na miƙe tsaye ina faɗa. "Kai, Yaya? Kai da ka mare ni don na ɓoye wa Inna na fasa tulu? Ka bar bawan Allah ya ruɓe a kaso, kana zuwa majami'a kana zama a benci?"

Bai kare kansa ba. Cewa kawai ya yi, "Ke ba ki taɓa ganin bakin bindiga ba."

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Jiya-jiyan nan na gan shi, na minti biyu, kuma a cikin minti biyun na kira Ubangijina ƙwaya. Na koma na zauna a bakin gadon na gaya masa. Muka yi kuka tare, shi ba ƙarfin kukan ma.

Na ce to ko maganin ya sha. Ya ce a'a. "Bar ni in ji shi. Biya nake yi. Modu ya ji wanda ya fi wannan."

Na fita tsakar gida na kira Mompera, da izinin Yaya, na zayyane masa komai. Na roƙe shi ya saurari furcin zunubinsa ta waya a gama. Ya ce ba a yin wannan ta waya, sai ido da ido. Amma mutumin da ke bakin mutuwa, ba limami kusa, in ya tuba da zuciya ɗaya da niyyar furtawa in ya samu hali, zai iya karɓa.

"To ka gaya masa ya karɓa mana!"

"Zan gaya masa. Amma ki fara gaya masa wannan: ciwon hanta ciwon hanta ne, ba bulala ba ce. In ciwo hukunci ne, Modu me ya yi? Almasihu da aka rataye, me ya yi? Allah ba ya jin daɗin nishinsa. In yana so, ya haɗa wahalarsa da ta Almasihu ya miƙa saboda matar nan da 'ya'yanta, wannan yana da amfani. Amma ko shekara ya yi yana murƙususu, sunan Modu ba zai wanku ba. Bakinsa ne zai wanke shi."

Na gane inda ya dosa, na ce ina! A kama shi a wannan halin? A ce Kirista ya ci amanar mai masaukinsa, a garin da 'yan'uwanmu ba su cika tafin hannu ba? Madalen fa, da za ta zauna bayansa?

"Tsoronki gaskiya ne," in ji Mompera, "kuma ba ni zan tilasta masa ba. Amma lamirin nan da ya hana shi tashi daga benci shekara huɗu, shi kaɗai ne abin da ya rage da lafiya a jikinsa. Kada ki kashe masa shi don ke ki samu sauƙi."

Na ji haushinsa ƙwarai, don ya faɗi gaskiya. Ni so nake Yaya ya buɗe baki ya karɓa, in rufe akwati, in koma Damagaram in ce na cika aiki.

Na kai wa Yaya wayar. Ya saurara ya daɗe. Da ya ajiye sai ya kira Madalen, ya gaya mata abin da bai taɓa gaya mata ba, ya tambaye ta ko ta yarda, tunda ita za a bari da mutanen gari. Ta share ido da bakin zane ta ce, "Baban yara, shekara huɗu ina kwana da mutumin da ba ya barci. Je ka." Sai ya ce, "Kawo ƙwayar nan. In ban sha ba, ba zan iya zaman mota ba."

Ranar Litinin muka samu wani mai tsohuwar mota, muka shimfiɗa wa Yaya katifa a baya. Akwatin yana wuyana, don ba inda zan bar shi. A hanya Yaya ya ɗaga hannu ya nuna mini wani layin itatuwa can kudu. "Kogin ke nan. Bayansa Najeriya ce. Da rani da ƙafa ake tsallakawa." Tsakaninmu da itatuwan duk gonaki ne da ba kowa, ciyawa ta cinye kwalbatocin ban-ruwa. Ya ce a da in tattasai ya nuna aka shanya, ƙasar nan duka ja take zama.

Muka iso shingen nan, kuma sojar nan mace ce dai. Ta gane ni. "Mama mai ƙwaya ɗaya! Har yanzu bai sha ba?"

Na ce, "'Yata, ranar nan ƙarya na yi miki. Ba magani ba ne. Ni Kirista ce, wannan abin ibadarmu ne, Jikin Almasihu muke ce masa."

Ta dube ni, ta ɗaga kafaɗa. "To me ya hana ki faɗa? Ku wuce." Shi ke nan fa. Abin da na yi kwana uku ina jin kunyarsa ke nan. Daga baya na ji Yaya yana wata 'yar dariya da ta koma tari.

Bukkar Ya Falmata ba ta yi wuyar samu ba. Duk wanda muka tambaya da haɓa yake nunawa, ba ya rakiya. Tana can ƙarshe, ita kaɗai, da tazara tsakaninta da sauran. Yaya ya ce ba can za a fara ba, a kai shi wurin bulama, wato mai garinsu. An idar da azahar ke nan, maza suna zaune a rumfar zana da suka mayar masallaci. Ni da direba muka tallabo shi muka jingina shi da turke. Da yawa sun san shi, aka fara "Mushe Ishaku, wushe," sai ya ɗaga hannu. Ya roƙi a kira Ya Falmata. Ta zo ta tsaya a bayan zana, doguwa, baƙa, lafayarta ta koɗe.

Da Barbarci ya yi magana, direba yana juya mini. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce buhu biyun nan shi ya ɗauko, shi ya kai, don tattasai, Modu bai roƙa ba ma. Ya ce an tambaye shi a gaban Modu ya yi ƙarya don tsoro. Ya ce Modu bai taɓa kai wa kowa komai a daji ba, kuma in bulama yana so ya kai maganar gaban hukuma, ga shi, a ɗauke shi.

Wani dattijo ya tofar da yawu ya tashi ya tafi. Wani ya ce, "La ilaha illallahu, shekara huɗu matanmu ba sa bari tulunta ya taɓa nasu a famfo." Bulama ya sa Yaya ya maimaita har sau uku, ya ce kowa ya ji da kunnensa. Game da hukuma kuwa, ya dubi cikin Yaya da idanunsa ya ce wanda ya kira shi ya fi hukuma kusa.

Sai Ya Falmata ta yi magana daga bayan zana. Da Hausa ta yi, irin tasu mai nauyi, ina jin don ni ma in ji.

"Na sani."

Yaya ya ɗago kai.

"Ni na buɗe maka ƙofa ranar da ka kawo buhun. Da suna ɗaure shi ya ce mini, kada ki kama sunan Mushe. Baƙo ne, ba shi da kowa a nan, in suka tafi da shi ba mai bin sawunsa. Ni ɗan gari ne, za su sake ni." Ta gyara lafaya. "Na riƙe masa. Aka ce da 'ya'yana 'ya'yan maciyin amana, na riƙe. Ina cewa yau Mushe zai zo, gobe zai zo. Sau biyu na gan ka a kasuwar Difa. Ka tsallaka titi."

Ban taɓa jin namiji ya yi irin kukan da Yaya ya yi ba. Ya zame daga jikin turken, goshinsa a ƙasa. "Ya Falmata, ki yafe mini. Don Allah."

Ta shiga bukka mafi kusa ta fito da ruwa a kwano, ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

"Ruwa ina da shi, sha. Yafiya na duba ban samu ba tukuna. Ba zan yi maka ƙarya ba. In na samu zan aiko."

Ya sha. Muka ɗauke shi muka koma gida. Ni a raina ina ta ƙuna, ina cewa mun tona kanmu a banza, ko kalma ɗaya mai sanyi ba mu samo ba.

Washegari da hantsi shi ya kira ni. "Auta, shimfiɗa ƙyallenki." Madalen ta kunna kyandir. Ya yi addu'ar tuba da bakinsa, a hankali, ya ce wahalar da ta rage masa ya ba Falmata da marayunta. Na ɗaga gurasar na ce, "Jikin Almasihu." Ya ce, "Amin." Da ƙyar ya haɗiye, sai da na ɗiga masa ruwa. Bayan nan ya ce in na koma gida in faɗi labarin Modu ga duk wanda ya tambaya, da sunansa, kada in rage.

Kwana biyu ya ƙara. Yana shan maganinsa, yana barci, abin da Madalen ta ce ta manta kamanninsa. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai ya buɗe ido ya ce, "Wa ke nan?" Mu ce wane ne. Ya ce to. Bai taɓa faɗin wanda yake jira ba, mu ma ba mu faɗa ba. Ranar Alhamis da rana ya cika. Muka binne shi ranar Juma'a a ɗan filin da 'yan'uwanmu ke binne nasu, wani ma'aikacin gidan ruwa ya karanta addu'a tunda ba limami. Wasu maƙwabta sun zo, wasu da suka ji abin da ya faru a rumfar bulama ba su zo ba.

Ranar Asabar da safe muna zaune a tabarmar makoki, sai ga wani tsoho da sanda yana tambayar gidan Mushe Ishaku. Daga bukkokin Cetimari yake, ya shigo kasuwa. Ya ga tabarmi, ya ga mata, ya tsaya turus a bakin ƙofa. A hannunsa akwai ɗan ƙulli a tsumma. Madalen ta kwance, busasshen tattasai ne, bai fi cikin tafi biyu ba.

"Ya Falmata ta aiko ni," in ji shi. "Jiya bulama ya yi magana bayan sallar Juma'a, mata suka matsa mata wuri a famfo. Ta ce a ba Mushe wannan, irin gonar Modu ne da ta ɓoye. Ta ce a gaya masa ta samu."

Madalen ta kifa kai a cinyata. Tsohon yana ta tambaya ko ya koma ya gaya mata ta makara. Na ce a'a, Baba, ka ce mata saƙo ya iso.

Ban jira kowa ba. Na ɗauki ƙullin na tari keke zuwa maƙabarta. Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba. Na durƙusa na ajiye tattasan a wajen kansa, na ɗora dutse don kada iska ta kwashe, na ce da ƙarfi yadda zai ji, "Yaya, Falmata ce. Ta ce ta samu."